Aikin Bedford mai bodin katako (sikeli 1/24), inda aka kwana

Asabar, 2 ga Nuwamba

Assalamu alaikum jama'a. 'Yar ƙaramar motar roba ce nake haɗawa, irin wadda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali mutum ya haɗa da kansa. Kan motar da shasi an gama da su, inji ya zauna, tayoyi sun hau, yanzu saura bodi, kuma dama saboda bodin nan na sa aka sayo min kwalin tun daga Ingila. Motar ta kamfanin Emhar ce, Bedford OLBD mai ɗaukar tan 5, sikeli 1/24, wato duk santimita 24 a jikin motar gaske santimita ɗaya ce a kan teburina. Irin wannan Bedford ɗin an fara ƙera ta a 1939, yaƙin duniya ya katse, aka dawo da ita a 1945 har zuwa 1953. Sitiyarinta a dama yake kuma haka zan barshi, tunda mu ma a Najeriya a da hannun hagu ake tuƙi sai a Afrilun 1972 aka koma dama.

Abin da nake so ya fito shi ne motar dakon gyada ta wajajen ƙarshen shekarun 1950, irin masu kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa Kano lokacin da ake dalar gyada, motar da ta sha rana ta sha hanya, ba sabuwa dal daga kamfani ba. Bodin da ya zo a kwalin gajere ne irin na Turawa, gefensa ana saukewa, duk roba. Ƙasan da layin farko na gefe zan barsu a robarsu in yi musu fenti su koma kamar katako, sannan in ɗora dogon bodi a sama da katakon gaske yadda kafintocinmu ke yi. To matsalar kenan da zan yi ta fama da ita: roba da katakon gaske su haɗu a mota ɗaya, mai kallo ya kasa gane inda wannan ya tsaya wancan ya fara.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kafin in taɓa burushi na leƙa wajen Dawanau inda manyan motoci ke lodi, na tsaya jikin tsofaffin masu bodin katako ina ta kallo ina ɗauka a waya, na kuma biya 'Yan Katako a Na'ibawa na ga falankan da aka bari a waje sun daɗe. Duk mai son yin wannan aikin dan Allah ya fara da haka. Galibinmu in aka ce katako ruwan ƙasa ne ke zuwa mana a rai, amma tsohon katakon da ya zauna a rana ba ruwan ƙasa bane, toka-toka ne, wani wajen ma har yana ɗaukar ido fari-fari. Dalili kuwa hasken rana ne ke cinye sinadarin da ke riƙe zaren itace wanda shi ke ba shi launi, ruwan sama yazo ya wanke, sai a bar zaren tsura, shi yasa saman yake yin fari kuma yake yin kaushi. Ruwan ƙasan yana nan amma a ɓoye, ƙarƙashin falanki, ko inda wani falankin ya rufe wani, ko inda aka kankare kwanan nan.

Wani abu kuma, na ga hotunan ayyukan Turawa da yawa suna zuba kore-kore na gansakuka a jikin katako, su ƙasarsu kullum ruwa da danshi ne, daidai ne a wajensu. Mu nan damina 'yan watanni ce sauran duk rani, katakonmu bushewa yake ya tsattsage musamman ta bakin falanki, ya kwashi jar ƙasa a cikin tsagun. Don haka babu kore ko ɗigo a motar nan sai dai na fenti.

Sauran abin da na lura: kewayen kowace ƙusa da noti akwai baƙi-baƙi mai ɗan shuɗi da ya gangaro ƙasa, wannan ƙarfe ne ya haɗu da ruwan jikin itacen, daban yake da jan tsatsa. Saman bodi inda ake ɗaure igiya ya lotse yayi sumul. Inda yaran mota ke takawa su hau fenti ya tafi gaba ɗaya. Ciki kuma gogar buhu ta sa katakon yayi santsi har da ɗan sheƙi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Katakon da zanyi sama da shi na samu a kemis, irin wanda likita ke danne harshe da shi, kwali guda ba tsada. Faɗinsa ya kusa santimita 2, in ka tsaga shi uku da reza da rula ta ƙarfe kowane yana zuwa wajen milimita 6, a lissafin 1/24 falanki mai inci 6 kenan. Kaurin ne ya ɗan yi yawa, sai da na goge da samfefa ya dawo kusan milimita ɗaya, wanda a motar gaske milimita 24 ne, kusan inci ɗaya cif. Tsinken askirim kuwa na ajiye shi don ginshiƙan tsaye, shi kaurinsa milimita 2 ne, ya dace da katakon da ake kafawa a tsaye ana ɗaure falankan a jiki.

Ita kuma robar, na bi kowane falanki da samfefa mai kaushi, lamba 120, ja ɗaya zuwa biyu ta tsawo, ba kai da komo ba, kuma kowane falanki shi kaɗai bayan na rufe na kusa da shi da tef, saboda in ka ja samfefa ta haye falanki uku lokaci ɗaya zanen zai miƙe daga wannan zuwa wancan, ido kuwa nan take yake gane ƙarya ne. A nan nake ganin mutane da yawa suna wuce gona da iri, su sa wuƙa su haƙa rami a roba wai zanen itace. Ku yi lissafi mana, tsagar da ta kai rabin milimita a nan ta wuce santimita guda a motar gaske, wane falanki ne duk jikinsa haka? Zurfi na bar shi ga bakin falanki kawai inda katako ke fashewa, nan na ɗan sa bakin reza. Bayan nan samfefa mai laushi ta kwashe gashin da ya tashi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na jiƙa ruwan tsufa yau, wato ruwan da zan shafa wa katakon ya koma kamar tsoho. Ruwan khal a kwalba da soson ƙarfe a ciki, murfi a sassauce don yana fitar da iska. Ku kula, soson wanke tukunya mai ƙyalli ɗin nan baya tsatsa, ba zai yi komai ba, sai irin mai laushi na kafintoci, in babu a zuba tsofaffin ƙusoshi sai dai su suna ɗaukar lokaci. Zan barshi ya kwana biyu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Alhamdulillah wannan ya bada abin da nake nema. Katakon likitan nan fari ne sol, in ka shafa masa ruwan khal ɗin kai tsaye ɗan canji kaɗan yake yi, to sai ka fara shafa masa baƙin shayi mai kauri, ba sukari ba madara, ya bushe, sannan ka bi da ruwan ƙarfen. Cikin 'yan mintuna zaka ga yana juyewa toka-toka a gabanka, kuma abin da ke faruwa shi ne dai abin da ke faruwa a kewayen ƙusa a motar gaske, shi yasa launin yake fitowa ba kamar na fenti ba, a cikin itacen yake ba a samansa ba.

Ban tsoma su gaba ɗaya ba. Na kasa su kashi-kashi, wasu shayi sau ɗaya, wasu sau biyu, wasu na sirka ruwan ƙarfen da ruwa rabi da rabi, kaɗan kuma na bar su sun yi duhu sosai don layin ƙasa. Daga baya na zube su wuri ɗaya na cakuɗa, in na zo ɗorawa duk wanda hannu ya ɗauko shi ne, don in mutum ya tsaya zaɓe sai ya jera fari, duhu, fari, duhu ba tare da ya sani ba. Bakin kowane falanki na ƙara ɗiga masa, dama nan ne itace ke shan ruwa ya fi duhu. Suna jiƙe suna lanƙwashewa, sai na danne su tsakanin gilashi biyu da littafi mai nauyi har suka bushe.

Na gwada tawadar allo a kan guntu ɗaya, tokarta tana da kyau wallahi, tana shiga cikin zanen itace, amma da ruwa ya taɓa ta take tashi, kuma akwai aikin ruwa a gaba wajen ɓare fenti, don haka ba da ita za a yi ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yanzu robar, kuma nan ne aikin yake. Tunda katakon gaske ya riga ya tsaya a launinsa, shi na ajiye a gefe ina bi, robar ce zata je ta same shi.

Bayan fentin farko mai toka, na fesa fentin kamfanin Tamiya mai lamba XF-55 wanda launinsa ke tsakanin ruwan madara da toka. Da ya bushe na ɗauki ƙaramin burushi na bi falankan ɗaya-ɗaya da fenti mai ruwa-ruwa, wannan na ƙara masa XF-57 ya ɗan yi rawaya, wancan ɗigon toka, wani fari. A wannan matakin abin ba kyan gani, kamar an yi faci, kar ya tsorata ku, fentin mai ne zai zo ya haɗa kansu.

Fentin mai irin na masu zane nake nufi, na cikin tub. Na matsa raw umber, wato mai ruwan ƙasa mai duhu, da baƙi kaɗan, da fari a kan kwali na barshi kusan awa guda kwalin ya tsotse man, in ba haka ba zai daɗe bai bushe ba kuma zai riƙa ƙyalli. Sai ka ɗiɗɗiga a kan falanki, ka ɗauki burushi mai tauri wanda ka ɗan jiƙa da white spirit (ruwan da ake sirka fentin mai da shi) ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka ja ta tsawo. Yawancin fentin kwashe shi kake yi, abin da ya maƙale a cikin zanen samfefa shi ne aikin. Wani wajen ina ɗan karkaɗa hannu in zagaye wuri ɗaya ya zama kamar idon itace, amma kaɗan, biyu ko uku a gefe guda ya isa. Dan Allah kar wanda ya sa tinar masu fentin mota a nan, tana cin fentin ƙasa ta kuma narka robar, kananzir shi ma barin maiƙo yake.

Burnt sienna, mai ja-ja ɗin nan da kowa ke yin katako da shi, ban sa shi ba sam a waje. Shi launin kujerar falo yake bayarwa mai banish. Sai a ƙarƙashin bodi da jikin katakon da ke kwance kan shasi inda rana bata kaiwa, nan na sa shi haɗe da umber.

Hunturu ya fara shigowa, ƙura ko ta ina, shi kuma fentin mai kafin ya bushe duk abin da ya sauka a kansa ya zauna kenan. Ina gamawa nake kifa masa robar abinci mai murfi, na ɗan ɗaga gefe da tsinken ashana don iska. Umber yana da saurin bushewa, farin ne ke jan lokaci, don haka sati guda zan ba shi ban taɓa ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

An ɗora bodi. Ginshiƙai da sufa gulu a jikin roba, falankai kuma da farin gam na kafintoci, ɗan kaɗan da bakin tsinken sakace, saboda duk inda gam ya malalo ya bushe launi baya sake kama wajen. Na bar 'yar tazara tsakanin falankan sama ta hanyar cusa guntun kati, ba daidai-wa-daida ba, wani wajen ta ɗan fi faɗi.

Na kai ta tsakar gida na duba a hasken rana, don fitilar ɗaki tana ɓoye abubuwa. Robar ta fi katakon ɗan ɗumi a launi, katakon kuma ya fi ta shan haske. Abin da nayi, na haɗa toka mai haske ta fentin mai na goga a bushe a kan duka biyun, sama-sama, burushi na haye layin da suka haɗu, sannan banish marar ƙyalli a kan robar kaɗai. Yanzu sai ka matso sosai kafin ka gane.

Falanki ɗaya a gefen hagu na cire na sa sabo wanda ko shayi bai gani ba, ɗan rawaya kawai na shafa masa. Duk tsohuwar mota akwai inda ya karye kafinta ya canja, kuma wannan guda ɗayan shi ya sa sauran suka ƙara tsufa a ido.

Juma'a, 6 ga Disamba

Ƙusoshi. Kan noti na gaske wajen santimita biyu da rabi, a nan milimita ɗaya kenan. Na ja ragowar robar kwalin a kan kyandir ta zama siririya, na yayyanka da reza, na manna biyu-biyu duk inda falanki ya haye ginshiƙi. Aiki ne mai cin ido, ba abin da zan ce a kai sai haƙuri.

Asabar, 14 ga Disamba

Na daɗe ina tunanin ko in bar katakon tsirara haka, don gaskiya yayi kyau har ina jin tsoron rufe shi. Amma masu motocin nan ba sa barin bodi ba fenti, mutum ya sa dukiyarsa dole ya ƙawata abarsa, fentin ne dai rana da aiki suke cinyewa. Don haka shuɗi na zaɓa, da layin rawaya a falankin sama.

Yadda akeyi: feshin gashi na mata, irin na gwangwani, ka fesa sau biyu sama-sama ya bushe, sannan ka fesa fentin ruwa a kai siriri, kar ya yi kauri. Da ya sha iska sai ka jiƙa wuri kaɗan da ruwa, ka jira kamar minti ɗaya ruwan ya ratsa ya narkar da feshin da ke ƙasa, sai ka bi da burushi mai tauri, fentin ya riƙa ɓarewa. Da wannan iskar ta hunturu komai nan da nan yake ƙamewa, shi yasa gefe ɗaya nake fesawa in gama ɓare shi kafin in taɓa ɗayan, in ka fesa duka ka tafi cin abinci ka dawo sai ka sa ƙarfi, ƙarfi kuma yana tafiya da aikin da ke ƙasa.

Shuɗin ma ba yadda ya fito a kwalba ba, na kashe shi da fari da ɗan toka, na sama ya fi na ƙasa koɗewa. Kuma ɓarewar ta bi tsawon itace, siri-siri, ba zagaye-zagaye irin na jikin ƙarfe ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci, fentin kan ƙarfe ɓalli-ɓalli yake tashi, na kan katako kuwa yana bin zaren itacen ne ya tsage tare da shi.

Inda zan ɓare kuwa ban bar wa sa'a ba. Na zauna da hotunan Dawanau ina tambayar kaina wa ya taɓa nan, da me. Kusurwar baya ta dama da ta hagu inda ake hawa, na cire kusan duka. Falankin sama inda igiya ke bi, na ɗan fiƙe da zagayayyen fayil wuri huɗu kowane gefe daidai saitin ƙugiyoyin ɗaure igiya da ke ƙasa, in ramin igiya bai yi saiti da ƙugiya ba duk direban da ya kalla zai gane. Ƙofar baya ta fi ko'ina shan wahala don nan 'yan dako ke jingina buhu su tura. Can gaba kusa da kan mota kuwa, inda ba mai kaiwa, shuɗin na nan kusan lafiyarsa lau. A ganina tsufan da aka watsa ko'ina daidai da daidai shi ne ke sa mota ta zama kamar an tsamo ta daga kwata, alhali wannan motar aiki take, tana da mai ita, ana wanke ta.

A kan katakon gaske dabarar ta ɗan bambanta, yana shan feshin, sai da na fara ba shi banish siriri tukuna. A wasu wuraren ma samfefa mai laushi ta fi burushi aiki.

Lahadi, 22 ga Disamba

Satin nan na ƙananan abubuwa ne. Kowace ƙusa ta samu ɗigon baƙi mai ɗan shuɗi na ja shi ƙasa da busasshen burushi, tsawon milimita biyu zuwa uku, ba duka tsawo ɗaya ba, jan tsatsa kuma a kan notin kansa da ƙarafan kusurwa kawai. Daɓen ciki na yi masa duhu a tsakiya da wajen ƙofa, na goga fensir a gefen ƙarafan da buhu ke gogewa, sannan na murza falankan ciki da tsumma har suka ɗauki wannan ɗan santsin.

Ƙura kuwa jar ƙasa ta gaske na ɗebo, na daka na tankaɗe da tsohuwar safa, abin da ya fita ta safar ma na sake tankaɗewa, don ƙwayar yashi ɗaya a wannan sikelin tsakuwa ce. Na haɗa ta da garin alli mai ruwan ƙasa saboda jan ya ɗan lafa, na zuba da burushi a tsagun falankai, kan ginshiƙai, bayan tayoyi, da ƙofar baya wadda ita ke kwasar ƙurar da mota ta tayar, sai ɗigon white spirit ya zaunar da ita. Ba zan sake fesa banish a kai ba, yana mayar da ƙura ta koma kamar laka.

Allon saman kan mota na yanke shi, an yi masa fari an ɓare, rubutun ne ban yi ba tukuna, ina tsakanin "Allah Ya kiyaye hanya" da "Haƙuri maganin duniya", na farkon ya fi tsawo kuma allon santimita 7 ne kawai, da burushi zan rubuta da hannu don na masu rubutun mota ma da hannu ne. Wanda ke da shawara ya faɗa. Buhunan gyada na fara gwada su da yadin bandeji da aka rina da shayi amma saƙar tayi girma, zan nemo tsohon hankici mai laushi in gani. Tamfol kuma takardar tishu da farin gam da aka sirka da ruwa, a naɗe zan ɗora shi can gaba don kar ya rufe katakon. In Allah Ya kaimu sati mai zuwa da buhunan zan fara, igiyar ɗaurin kuma zaren ɗinki mai kauri ne, yana cikin shayi tun jiya.